LAMBU MA KARATU NE

 

Duk wanda ya fito da sassafe ya tsaya bakin hanya a nan Kalambaina zai ga abu biyu. Zai ga samari zaune rukuni-rukuni suna jiran a kira su lodi ko wani aikin ƙarfi na yini ɗaya, waɗansu kuma bisa babur suna jiran fasinja. Zai kuma ga masu lambu suna wucewa da kaya niƙi-niƙi, alayyahu da salat da albasa mai lawashi, suna gaggawa su kai wa masu saye tun rana ba ta yi zafi ba. Kafin hantsi mai lambu ya sayar, ya juya da kuɗin cefane cikin aljihu. Mai jiran lodi kuwa wata rana ya samu, wata rana azahar ta riske shi bai karya ba. Cikin masu jiran nan akwai waɗanda da hannuna na rubuta musu allo, har na ga saukarsu. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowa ya san abin da garinmu ya yi suna da shi. An kafa kamfanin siminti a nan a 1962, zamanin Sardauna, ya fara aiki a 1967. An buɗe sabuwar masana'anta a 2018, aka ƙara wata a 2022. Mutane da yawa sun ci abinci ta wannan hanya, mun gode Allah. Amma babu masana'antar da za ta ɗauki dukan 'ya'yan gari, ko da ta kai girman birni. Ma'aikatanta kuwa, da direbobin da ke kwana suna jiran kaya, da mutanen birnin Sakkwato baki ɗaya, kullum sai sun ci miya. Siminti ba ya shiga tukunya. Ashe kasuwar ganye tana nan ƙofar gidanmu, masu ciyar da ita ne suka yi kaɗan.

To, maganata ɗaya ce. Noman lambu a gefen birni sana'a ce da za ta riƙe mutum da iyalinsa, amma da sharaɗin a karance ta gaban malami kamar yadda ake karanta allo, a kuma riƙe lissafinta kamar yadda falke ke riƙe nasa. Wanda ya faɗa cikinta da ka, domin ya ji an ce wane ya samu, zai fito da bashi.

Ga abin da na gani da idona. Wani ɗalibina ya sami ɗan gado, ya haɗa da kuɗin babur ɗinsa, ya kama hayar fili babba a fadama, ya sayi injin ban ruwa. Ya dasa tumatir wuri duka, cikin mako ɗaya. Wata biyu da 'yan kwanaki yana zuba kuɗi a mai. Da tsutsa ta faɗa, ya tafi kasuwa ya sayi maganin da mai tebur ya nuna masa, shi bai karanta takardar kwalba ba, mai tebur ma bai karanta ba. Ranar da tumatirinsa ya nuna, na kowa ma ya nuna. Ya kai kasuwa ya tarar da kwanduna jere ba masu taya. Abin da aka ba shi bai biya kuɗin mai ba, balle haya. Yanzu yana Kudu yana gadin ƙofar wani. Ina da rabona cikin wannan asara, gama ya zo mini kafin ya fara, ya ce in yi masa addu'a. Na yi masa, amma ban tambaye shi wa ya koya masa ba. Da a ce ya zo ya ce zai buɗe makaranta alhali bai haɗa izu biyar ba, ai da na hana shi.

Wani kuma, abokin karatunsa, ba shi da ko anini. Na kai shi wajen wani dattijo mai lambu a Kwalkwalawa. Rani biyu yana yi masa aiki, yana jan ruwa, yana cire ciyawa, yana raka shi kasuwa, ladansa abinci da ɗan abin sabulu. A rani na uku dattijon ya yanka masa fangali huɗu, ya ce abin da ya fito nasa ne. Yau yana da masu sayar da abinci da ke jiran ganyensa kowace safiya, ya yi aure, kuma bai bar zuwa karatun littafi da dare ba. Ba ya cikin masu arziki, amma ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Bambancin mutum biyun nan rani biyu ne na zama gaban wanda ya sani.

Mene ne ake karantawa a lambu? Babi biyar ne.

Na farko ruwa. Damina a ƙasar Sakkwato wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas sai abin da mutum ya ɗebo. Allah Ya yi mana gata da fadamar da gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka shimfiɗa kusa da birni, inda ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Kakanninmu da jigo suka shayar da ita. A farkon shekarun 1990 shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya yaɗa gajerun rijiyoyin bututu da ƙananan injuna, aiki ya yi sauƙi, jigo ya ɓace. Amma sauƙin ya rataya ga arhar man fetur. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Tun daga nan duk wanda ke malala ruwa ba awo kuɗinsa yake malalawa. Ɗalibin lambu sai ya san a shayar da safe ko da maraice, ya san a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi domin laima ta daɗe, ya san girman fangalin da ƙasarsa ke iya riƙe wa ruwa. Injin da ke aiki da hasken rana yana da tsada ranar saye, bayan nan ba ya shan mai, kuma mutum uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su mallaki ɗaya. Sai kuma ya san halin gulbi. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a ta kwashe gonaki, ba sa bukatar a gaya musu cewa akwai wurin da ba a ajiye inji ko iri da damina.

Kada kuma a ce kowane ruwa ruwa ne. Ruwan kwata da ya biyo ta masai ko ta wurin masu rini da jima ba ya dacewa da ganyen da za a ci ɗanye. Mutanen Kano sun daɗe suna fama da wannan mas'ala a lambunan bakin Jakara. Amma ga wani ruwa mai tsabta da muke zubarwa sau biyar kullum, watau ruwan alwala. Da kowane masallaci da kowace makarantar allo za su ja masa 'yar hanya zuwa gindin zogale ko lemo, da an ga abin mamaki cikin shekara ɗaya.

Na biyu ƙasa. Ƙasar fadama laka ce mai riƙe ruwa, ta tudu kuwa rairayi ce, a nan wajenmu ma ga dutse kusa. Kowace da irin hidimarta, amma dukansu taki suke so. Takin zamani yana ciyar da shukar bana, ba ya gyara ƙasar baɗi. Wanda ya dogara gare shi kaɗai zai ga kowace shekara sai ya ƙara mudu kafin ya sami abin da ya samu bara. Mai gyara ƙasa shi ne kashin awaki da na shanu da na kaji, da toka, da ganyen da ya ruɓe. A haƙa rami a inuwa, a jera su hawa-hawa, a yayyafa ruwa, a juya bayan kowane mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙi mai sanyi ba wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Sharar bola kuwa sai an tsince leda da kwalba da batir kafin ta shiga gona. Wannan ba sabon abu ba ne. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai itace birni bisa jakuna, su komo da taki, shi ya sa gonakinsu ba su mutu ba ko da ba a hutar da su. Mu ma ga Kara cike da kashin dabbobi, ga tokar wutar karatu tana taruwa a ƙofar kowane malami.

Na uku lokaci, kuma a nan ɗalibina na farko ya faɗi. Alayyahu mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. Guro, wanda Kanawa ke kira kuɓewa, kamar wata biyu ya fara 'ya'ya. Tumatir yana yin kamar mako huɗu a wurin reno kafin dashe, sa'an nan a jira fiye da wata biyu. Albasa takan yi mako shida ko bakwai a reno, a dasa ta cikin sanyi, a cire bayan wata uku zuwa huɗu. Mai ƙaramin jari da ganye yake farawa, domin shi ke mayar da kuɗi da wuri. Ba ya shuka wuri duka rana ɗaya. Yana shuka fangali ɗaya wannan mako, wani mako mai zuwa, domin kullum ya kasance da abin kai wa kasuwa, kada kuma rana ɗaya ta karya shi. Yana haɗa mai saurin fitowa da mai jinkiri, sure da lalo a nan, tattasai da tugande a can, zogale a bakin shinge. Abin da ke ajiyuwa kuwa ya koyi ajiyarsa. Albasa tana arha lokacin cira, ta yi tsada bayan watanni, kowane falke ya san haka. Wanda ya iya busar da ita a inuwa, ya tsince mai rauni, ya jera ta a rudu mai shan iska, shi ke cin wannan riba. Mutanen Aliero da na Galmi ta ƙasar Nijar ba da yawan gona kaɗai suka yi suna ba, har da sanin iri da sanin ajiya. Tumatir ma in ya yi yawa, a yanka a shanya bisa tabarma mai tsabta ya zama kauɗa, ya fi a zubar.

Na huɗu ƙwari da magani. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Da yawa sun yi ta fesa magani ba ta ji ba, gama tana shiga cikin ganye ne ta ɓuya. Rigakafi ya fi magani. Tumatir da tattasai da tugande da gauta dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya, kada a maimaita su wuri ɗaya shekara bayan shekara, a raba tsakani da wake ko albasa. A tuge shukar da ta kamu a binne ta nesa. 'Ya'yan dogonyaro, in an daka an jiƙa sun kwana an tace, suna korar ƙwari da yawa, kuma ga su nan zube a kowace unguwa. In ta kama sai an sayi na kwalba, to a nemi wanda zai karanta takardarsa, a kiyaye awo, a rufe hanci da jiki, a kuma kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka. Wanda ya fesa yau ya kai kasuwa gobe guba ya sayar wa maƙwabcinsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Su sun iya aunawa su ƙi saye. 'Ya'yanmu ba su da ma'auni, abin da aka zuba musu shi za su ci.

Na biyar lissafi, kuma a nan ku fatake kuka fi mu sani. Yawancin masu lambu ba su san ko sun ci riba ko sun faɗi ba, sai dai su ga kuɗi sun shigo sun fita. Yaron da ya iya rubutun ajami ya riga ya mallaki abin da ake bukata. Ya sami ɗan littafi, ya rubuta kuɗin haya da na iri da taki da mai da dako da la'adar dillali, har da ladan guminsa, a gefe ɗaya, abin da ya sayar kuma a ɗaya gefen. Ƙarshen rani littafin zai gaya masa shukar da ta ciyar da shi da wadda ta ci shi. Abin da ya samu ya raba uku, kashi ɗaya ya koma jari, ɗaya gida, ɗaya ajiya domin ranar da inji zai lalace. Ya kuma nemi mai saye tun kafin ya zuba iri. Ku tuna farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da aka dakatar da kai kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki. Albasa da tumatir suka taru a Arewa, farashi ya faɗi. Mai noma domin mota ya ji jiki, amma mai ɗan lambun da ke kai wa matan unguwa da masu tuwo bai fasa cinikinsa ba. Kusancin mai ci shi ne ƙarfin lambun birni.

Na san za a kawo uzuri uku. Za a ce babu fili. Gaskiya ne fili ya yi tsada, amma bayan gida fili ne, kangon da mai shi bai tashi gini ba fili ne, buhun da aka cika da ƙasa da taki aka huda gefensa shi ma fili ne. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, ƙasar Kyuba ta rasa mai da takin zamani da take samu daga can, yunwa ta kama mutane. Sai suka mai da kangaye da filayen cikin babban birninsu lambuna, suka gina fangali da bulo suka cika da taki, suka ci ganye daga nan. Ba su fi mu rana ba, ba su fi mu dabbobi ba.

Za a ce aikin ƙasƙanci ne ga mai karatu. Wannan magana ba ta da asali a garin nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809 ya kuma rasu a Wurno a 1837, ya zaunar da jama'a a garuruwan ribaɗi domin su yi noma da sana'a. Cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da manoma da maƙera da maɗinka da sauran masu sana'a cikin aikin shugaba. Malamanmu na da kuwa da gonakinsu suka ci da almajiransu. Ƙasƙanci yana ga ƙoƙon bara a hannun mai gemu.

Za a ce zai hana karatu. Ban ce a ɗauki ƙaramin yaro a sa shi jan ruwa yini guda ba, wannan zalunci ne. Gardawa nake nufi, da matasan da suka kusa sauka. Muna da hutun Alhamis da Juma'a, muna da tsakanin hantsi da azahar, lokacin da yawancinsu ke yawo a kasuwa da tasha. A 2012 an buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, a nan Sakkwato. A 2020, zamanin korona, gwamnonin Arewa suka kwashi almajirai a motoci suka mayar da su jihohinsu, muna ji muna gani. Darasin da na ɗauka shi ne, makarantar da ba ta iya ciyar da kanta, wani ne zai yanke mata hukunci.

Saboda haka ga roƙona. Ku malamai, kowa ya zaɓi biyu ko uku cikin manyan ɗalibansa, ya kai su da kansa wajen mai lambu amintacce, su yi rani biyu, da sharaɗin abin da suka samu nasu ne. Bayan dattawan fadama akwai malaman gona na hukuma, akwai sashen aikin gona na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, akwai kwalejin aikin gona a Wurno. Mu je mu tambaye su, gemu ba ya hana neman ilmi. Mu kuma mu karantar da abin da ke hannunmu, gama babin ciniki na Risala ya yi bayanin haramcin sayar da amfani tun bai nuna alamar kyau ba, kuma a mazhabarmu ba a hayar ƙasa da abinci ko da abin da take fitarwa. Waɗannan mas'aloli kullum suna aukuwa a fadama.

Ku attajirai, kada ku ba yaro jari sai kun ga littafinsa na rani ɗaya. In kun gani kun gamsu, ku ba shi rance ba ruwa, ko ku sayar masa da inji a kan kuɗi sananne ya biya sannu-sannu, a rubuta, a sa shaidu. Kada ku jira sai ya matsu sa'an nan ku saye gonarsa tana ɗanya da rabin kuɗi. Ku kuma masu gadon fadama, ku yi tunani kafin ku yanka ta fuloti-fuloti. Kuɗin fuloti shekara ɗaya ne, kuma ƙasar da aka zuba wa kankare ba ta komawa lambu. Gida yana ginuwa bisa tudu, albasa kuwa sai inda ruwa yake.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ɗalibinsa ya dasa cikin sanyi, tun kafin ruwa ya ɗauke zai nema masa malami, ya haƙa ramin taki. Ni dai na ja wa ruwan alwalar makarantata hanya, na dasa zogale layi biyu, na kuma rubuta wa na Kudu takarda na ce ya komo ya fara daga fangali huɗu.

Allah Ya sa albarka cikin ƙasarmu da ruwanmu, Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, Ya ba mu ikon gyara abin da muka yi sakaci da shi. Amin.

Haza wassalam.

Daga wani malamin allo, Kalambaina, Sakkwato.